Ƙanwata da Na Raina, Ashe da Ita Duniya Ke Kafa Hujja

A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni mai kemis ne a wani gari na bakin titi tsakanin Malumfashi da Kafur. Sakandare na gama, na yi 'yan shekaru ina koyon sayar da magani a Funtua, sannan na dawo gida na buɗe nawa shagon. Kafin a ce kwabo gari ya laƙaba mini Dakta, ni kuma ban taɓa cewa a daina ba. Ranar kasuwa har layi ake yi a ƙofata. Mai tari, mai gudawa, mai gyambo, kowa kafso nake ɓallo masa, guda huɗu ko shida, gwargwadon abin da ya riƙo a hannu. Makiyaya su saya wa shanu, mata su saya su farke a ruwan kaji. Allura ma ina yi, alhali babu wanda ya ba ni izini. Na rubuto muku ne domin abin ya daɗe yana cin raina, ina kuma roƙon a sakaya sunana.

Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta yi nisa a boko. Ilimin ƙwayoyin cuta ta karanta, tana koyarwa a jami'a, ita ma ana ce mata Dakta, sai dai ba ta duba marar lafiya. Wannan ne ya ba ni ƙofar raina ta. Idan ta zo hutu za ka gan ta da kula irin ta ƙanƙara da ƙananan kwalabe da safar hannu, tana bin rijiyoyi da akurkin kaji da rugage, tana ɗibar ruwa da kashin dabbobi da nono. Mutane na dariya, ni ne kan gaba. Nakan ce Baba ya sayar da buhunan masara ya kai ta makaranta, ta dawo tana kwasar kashin kaji. Wani lokaci ta zauna a bencin shagona tun hantsi har azahar tana kallon ciniki, in kowa ya watse ta ce, Yaya, wannan gutsuren maganin da kake bayarwa ba kashe cuta yake ba, koya mata dambe yake, wata rana za a nemi mai kayar da ita a rasa. Ni kuma in tambaye ta mutum nawa ta taɓa warkarwa da takarda. Sai ta yi murmushi ta ɗauki jakarta.

Da kakar wata shekara, ana yankan dawa, tsinin kara ya huda takalmin Babanmu ya shige masa tafin ƙafa. Na wanke, na ɗaure, na ba shi kafso. Da ya ji sauƙi ya ajiye maganin ya koma fadama, ni ma ban matsa ba. Bayan mako guda ƙafa ta kumbura. Na canza wani, na ƙara da wani, na koma allura safe da yamma. Duk wanda na gwada, sai ciwon ya lafa kwana biyu ya dawo da ƙarfinsa. A lokacin ƙanwata ta tafi wani aiki ƙasar waje, na gargaɗi mutanen gida kada wanda ya gaya mata, wai kada a tayar mata da hankali. Gaskiyar kuwa, ba na so ta ji cewa abu ya gagare ni. Mun kusa wata guda a haka. Ranar da na kwance bandeji wari ya kori kowa daga ɗakin, Baba ya dube ni da jajayen idanu ya kira ni da sunan wansa da ya rasu tun ina yaro, ranar na ɗauko mota muka nufi asibiti a Funtua.

Likitan da ya karɓe mu matashi ne, ɗan Yarbawan da aka haifa a garin, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya tambayi abin da aka ba tsoho, na shiga jero masa sunaye da ɗan alfaharina. Ina cikin lissafi ya ajiye biro ya zuba mini ido, har na yi shiru da kaina. Aka ɗebi mugunyar aka kai ɗakin gwaji. Bayan kwana uku ya kira ni ya nuna mini wani ɗan faranti mai murfi, an shuka ƙwayar cutar a ciki, an jera wasu 'yan fararen takardu kamar maɓallan riga, kowace ɗauke da magani iri guda. Ya ce inda magani ke aiki za a ga fili fes a kewayensa. Na duba, na sake dubawa. Cutar ta mamaye su, ta hau har kansu, kamar yadda ƙuduji ke cinye gona. Duk abin da na jera a kantar shagona nake taƙama da shi, ga shi nan kwance. Likita ya ce, Malam, idan ba a samu mai tsayar da ita ba cikin 'yan kwanaki, sai dai a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, kuma ko hakan ba shi da tabbas.

A ƙarƙashin wata bishiyar maina da ke harabar asibitin na kira ƙanwata a waya. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta yi salati, ta ce in kai wa likitan wayar. Na same shi yana rubutu, ya karɓa da ƙyar yana maƙale ta da kafaɗa. Ina tsaye na ji ta faɗi sunanta. Wallahi sai na ga mutumin nan ya miƙe tsaye daga kujera, ya riƙe wayar da hannu biyu, yana ranki ya daɗe, ranki ya daɗe, kamar tana gabansa. Sun daɗe suna Turanci. Da ya gama ya dube ni, ya ce don Allah da gaske wannan ƙanwata ce? Na ce a gabana ta yi rarrafe. Ya ce to na san ko wace ce ita kuwa?

Ya zaunar da ni ya buɗe wani shafi a wayarsa. Ga hotonta da mayafin da na sani, ƙarƙashinsa jerin rubuce-rubucen da ta wallafa a mujallun masana, a gefen kowane an sa lamba. Na tambayi ma'anar lambar. Ya ce ai na san yadda malamin zaure ba ya yanke hukunci da ka, sai ya ce malam wane ya faɗa a littafi kaza. To haka masana kimiyya suke, duk wanda zai rubuta sabon bincike sai ya ambaci waɗanda ya dogara da su, wannan shafi kuma yana tara duk wanda ya ambace ta. Ya taɓa lamba ɗaya, wani jerin ya buɗe. Sunaye ne da harshena ba zai iya juya su ba, ya riƙa gaya mini wannan daga Indiya yake, wannan Masar, wannan Kenya, wannan wata ƙasa da ko a rediyo ban taɓa ji ba. Na karɓi wayar ina ja da yatsa, ina ja, jerin ya ƙi ƙarewa. Ya ce shi kansa da zai rubuta kundin kammala karatunsa da ita ya kafa hujja, bai taɓa zaton zai ji muryarta ba. Na tuna ta durƙushe a bakin rijiyar bayan gidanmu tana cika kwalba, awaki na shinshinar jakarta. Ashe ruwan rijiyar nan ya je inda ni ba zan taɓa zuwa ba, mutanen da ba su san akwai garinmu a doron ƙasa ba suna gina iliminsu a kansa.

Sai ya nuna mini wanda aka fi ambata a cikinsu, ya fassara mini shi a taƙaice. Magana ce a kan yadda ake sayar da magani gutsure-gutsure a karkara, a ba mutum a ba dabba, da yadda cuta ke ƙara taurin kai a sanadiyyar haka. Babu sunan kowa, babu sunan gari. Amma ni na san bencin da aka zauna aka ga wannan. Na miƙa masa wayarsa na fita.

Da shawararta likitan ya tura mu babban asibiti a Zariya, inda aka sake gwaji mai zurfi, aka samu magani ɗaya tak da cutar ba ta saba da shi ba, ta jijiya ake ɗura shi. Ƙanwata ta iso a kwana na huɗu, kai tsaye daga filin jirgi. An ceci ƙafar, amma yatsu uku sun tafi. Wata la'asar muna zaune a barandar ɗakin jinya na daure na tambaye ta ko ni ta rubuta. Ta ce da ni kaɗai ne ai da ba a wahalar da biro ba, irina suna ko'ina, kuma yawancinmu tausayin talaka ke sa mu ɓalla masa abin da kuɗinsa ya kai. Ta ce duk masu ambaton nan nata, babu ɗaya da manomin garinmu zai je wurinsa in ciwo ya kama shi, wurina zai zo. Ta nemi in taya ta gyara lamarin. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya shi ne, akwai aikin da ba a ganin amfaninsa a ƙofar gida, sai a can nesa, kuma jahili ne ke auna ilimi da tsawon layin da ke gabansa. Ina kira ga 'yan'uwana masu kemis, mu ji tsoron Allah, mu san iyakarmu. Yau ba na sayar da irin wannan magani sai da takardar likita, ba na kuma raba shi. Wasu sun yi fushi sun koma wani shagon, na haƙura. Ku kuma masu karatu, in an rubuta muku magani ku sha yadda aka ce, kada ku rage wa maƙwabci, kada ku zuba wa kaji. In ciwo ya ƙi ji, a je a yi gwaji tun da sauran lokaci. Wanda kuma Allah ya ba shi masani a gidansa, ya tambaye shi abin da yake yi kafin ya yi masa dariya.

Baba da sanda yake tafiya yanzu, gona kuma sai dai ya zauna a gindin ɗorawa ya duba masu aiki. Kullum da la'asar ina jin ƙarar sandarsa a kan dakalin shagona in zai wuce masallaci. Yakan tsaya ya yi mini sannu da aiki, ya sa mini albarka, kuma har yau bai taɓa buɗe baki ya ce ni na jawo masa ba.