Shafin Ngo Ladi da ban karanta mata ba

Shekara tara ke nan cif da muka binne Bitrus. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in kama alƙalami in ajiye, don na san idan na fara dole in faɗi abin da na yi masa.

Bitrus abokina ne tun muna samari. Shi ya kafa wata 'yar mujalla a wani ɗaki a unguwar Kwararafa, ni kuma nake buga masa rubutun. Mutane suka riƙa yi mata ba'a wai gwate ce, komai an zuba a ciki, shi ko ya ce madalla, ya sa mata suna Gwate. Gaskiyarsu ne kuwa. A fitowa ɗaya za ka ga waƙar wani malamin firamare, ka juya ka ga hira da wani telan unguwar Laranto mai aikin wuyan riga, ga yadda ake tuwon acca, ga hotunan tsofaffin ramukan kuza da ruwa ya cika, ga labarin mai gyaran gangunan coci. Na sha yi masa tsiya cewa ko kasuwar Laranto ta fi mujallarsa tsari.

Amma yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya ɗagawa. Ba a sayar da ko kwafi ɗaya sai ya taka har gidan duk wanda aka rubuta labarinsa, ya zauna ya karanta masa shafinsa da baki, domin yawancinsu ba su yi boko ba.

Fitowar ƙarshe ta same shi a gadon asibiti. Ya ba ni sunayen mutum bakwai ya ce in zaga a madadinsa. Shida na je. Ta bakwai ita ce Ngo Ladi, wata tsohuwa a can bayan Daɗin Kowa, wadda Bitrus ya rubuta waƙoƙin niƙa daga bakinta. Matsalar, burkutu take dafawa a gidanta. Ni kuwa a watan nan aka naɗa ni sakataren kwamitin masallacinmu, kaina ya kumbura, ina ta jin kaina wani babba. Har ƙofar gidan na je, na hango mashaya a kan benci da ƙorai a hannu, na tuna direbobin unguwarmu na bin hanyar. Wallahi sai na juya kamar wanda ya yi ɓatan kai.

Da na koma asibiti na ce masa duk na gama. Ya tambaye ni abin da Ngo ta ce, na ce ta yi murna, ta sa albarka. Sai ya dube ni.

"Malam Sani," ya ce, "Ngo ba ta sa albarka sai ta zage ka tukuna."

Duk da haka ban gyara maganata ba. Kwana biyar bayan haka ya rasu. Ƙaryar da na yi masa tana cikin maganganunmu na ƙarshe, kuma ya san ƙarya ce. Ina jin kunyar wannan har gobe.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda muke yau. Yanzu kowa da wayarsa, a ɗauki tsohuwa tana waƙa a watsa wa duniya, ita ba ta ma san an yi ba. Na tabbata da sai ya yi ta faɗa. Sai dai ba ni da bakin zagin yaran yanzu, tunda su ba wanda ya ɗora musu amana daga gadon asibiti.

Bara na daure na koma gidan. Ngo ta rasu tuntuni, an daina burkutun, 'yarta Rifkatu ce a ciki tana sayar da kayan miya. Na gaya mata ko ni wane ne da abin da ya kawo ni, ban rage komai ba. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta ce Mama ta yi makonni tana tambayar ko mai takarda ya zo. Na karanta mata shafin, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce:

"Baba, ai wannan rabi ne. Mama ta ce sai ta ji yadda ya rubuta na farkon kafin ta ba shi sauran."

Na tambaya ko akwai wanda ya riƙe sauran. Ta ce su a injin suke niƙa tun suna yara, ba wanda ya koya.

Abin da Bitrus ya bari bai ɓace ba. Telan Laranto har yau shafinsa na manne a bangon shago, jikokin mai gangunan coci sun san aikin kakansu saboda shi. Duk wanda ya shiga mujallar nan ya ji labarinsa da kunnensa, in ban da mace ɗaya. Rabin waƙoƙin Ngo Ladi suna nan a takarda saboda Bitrus ya shiga gidanta ya zauna. Ɗaya rabin yana kabari, saboda ni na tsaya a ƙofa ina duban wa zai gan ni.