Alwalar Kawu a Bakin Tafki

Na manta abubuwa da yawa na zaman da na yi a Guangzhou. Na manta sunan masaukin da muke kwana, na manta fuskokin mutanen da muka sha shayi tare ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Amma ranar da Kawu ya tafi alwala a bakin tafki, wannan kam ko daga barci aka tashe ni zan kawo labarinta tiryan-tiryan, don ta zauna mini a ka daram.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin da 'yan kasuwarmu suka fara juya wa Bankok baya suna gangarowa Chaina. Baƙar fata ba ta yi yawa a unguwar Xiaobei ba tukuna, duk wanda ka gani ran Juma'a a masallacin Huaisheng ka san shi, ka san abin da ya zo saye. Ni da Kawu muka zo, yayan mahaifiyata, mai shago a Kantin Kwari. Lokacin na yi aure, ina da 'ya'ya, ina da rumfata, amma a bakin Kawu ban taɓa wuce "yaron nan" ba. Mutum ne mai jiki, ba ya fita sai da babbar riga, ko da zafin garin na turara mutum kamar dambu. Kuma Allah ya yi masa baiwar sanin komai. Abin da bai taɓa gani ba ma ya fi mai shi saninsa.

Na ukunmu wani ɗan zango ne mutumin Kumasi, mai harkar tura kaya, wanda ya riga mu zuwa har ya tsinci yaren mutanen. Shi ne bakinmu, shi ne kunnenmu. Shi ya kai mu Xintang ran nan, garin da ba a komai sai ɗinkin wandon jins, wajen wani mai masana'anta da muke kira Lawban, wato maigida da yarensu.

Lawban ya fito mana da samfur. Wando ne na gaske, yadin mai kauri, ɗinki layi biyu, ga maɓallan ƙarfe a bakin aljihu. Kawu ya juya shi, ya ja, ya shinshina, ya ce ma sha Allah. Sannan ya gyara zama ya fara aikin da ya kawo shi. A rage kaurin yadin. A mayar da ɗinkin layi ɗaya. A sa zare mai araha. Maɓallan nan ma a cire, ado ne kawai. Duk abin da mutumin Kumasi ya fassara, sai fuskar Lawban ta ƙara yamutsewa, har ya kasa haƙuri ya ce a gaya wa Alhaji wandon nan in mutum ya tsuguna da ƙarfi hantsar za ta yage.

Kawu ya yi dariyar manya. Ya ce a gaya masa samarin Kano ba dambe suke zuwa da wando ba, kuma in ya yage su dawo su sayi wani, ai abin da ake kira kasuwa ke nan. Ni kuwa ina gefe ina gyaɗa kai kamar ɗalibi a gaban malami. Nan take Lawban ya sa telolinsa suka ɗinko 'yan ƙwarori a kan tsarin Kawu, aka zuba mana a ganamasgo, jakar da mutumin Kumasi ba ya son jin sunanta, ni kuma ba na gajiya da kiran sunan a gabansa.

Da aka gama, Lawban ya ce sai ya ciyar da mu. Ya san ba ma cin namansu, don haka ya kai mu wani gidan cin kifi a bakin wani tafki a hanyar komawa gari. Wuri ne mai kyau, ban hana shi ba. Ga ɗakin cin abinci mai gilasai, daga ƙofarsa kuma an shimfiɗa wata gadar katako da ta miƙe cikin ruwa, inda ƙananan jiragen shaƙatawa ke tsayawa. Muka ci kifi har muka yi nak. Can Kawu ya ɗaga kai ya dubi wani agogo da ke bango, wanda aka ƙawata shi a tsakiyar wata taya mai ja da fari, ya ce la'asar ta yi.

Mutumin Kumasi ya nuna masa banɗaki, ya ce akwai famfo. Kawu ya leƙa ya dawo yana yatsina. Shi ba zai yi alwala a inda bai san abin da aka wanke ba, bayan ga tafki guda Allah ya ajiye, ruwa mai tsarki mai tsarkakewa. Na ce Kawu a bari in ɗebo maka a gora. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce tun ba a haifi uwata ba yake wanka a kududdufin unguwarsu. Uwata dai ƙanwarsa ce, tazararsu ba ta kai ta kawo ba, amma wa ya isa ya yi masa lissafi.

Ya tafi ƙarshen gadar, ya tattare hannayen riga ya ɗora a kafaɗa, ya durƙusa. Ruwan yana ƙasa da katakon da kamar kamu biyu, sai ya miƙa sosai yake taɓo shi. Mu muna tsaye daga baya, jakar na hannuna. Ya wanke hannu, ya kuskure baki, ya wanke fuska, komai lafiya lau. Wajen ƙafa ne ya ga dama ya zura ta dama ƙasa, ya dogara da ta hagu a kan katakon da gansakuka ta mayar kamar an shafa masa karkashi. Ban ga faɗuwarsa sosai ba. Na dai ji ƙara, na ga hularsa tana yawo a kan ruwa ita kaɗai.

Ya taso, babbar rigar ta buɗe a kewayensa, ta riƙe shi na ɗan lokaci. Daga nan ta sha ruwa ta fara jan shi ƙasa. Gwanin kududdufi bai iya ko motsa ƙafa ba, duka kawai yake kai wa ruwa, kuma kowane duka ƙara nesanta shi yake da gadar.

Ni ban iya ruwa ba. Na juya ga mutumin Kumasi, don a tunanina duk ɗan Gana a teku aka yanke masa cibiya, ya ce mini shi teku a hoto ya san ta kafin ya girma. Lawban ma ya girgiza kai. Maza uku ƙarti, ga masu kawo abinci sun fito sun yi cirko-cirko, babu mai shiga. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Abin da ke kaina kawai shi ne fuskar mahaifiyata, da bakin da zan buɗe in ce mata na baro yayanta a ƙarƙashin ruwan Chaina.

Sai idona ya faɗa kan wani ginshiƙi a gefen gadar. An kafa masa allo mai kyau, an zana hoton tayar ceto, irin wadda ake jefa wa wanda ya faɗa ruwa, har da ɗan mutum yana riƙe da ita yana murmushi. A ƙasan allon ga ƙugiya tana sheƙi. Komai ya ji, taya ce kawai babu. Mutumin Kumasi ya daka wa wani ma'aikaci tsawa yana nuna ƙugiyar, shi kuma ya ba shi amsar da muka fi ji a ƙasar nan, ya ce meyo, wato babu. Da aka matsa masa sai ya nuna cikin ɗakin cin abinci da yatsa. Ashe tayar da ta yi wa agogo ado ita ce. Mai gidan ya ga asara ce a bar abu mai kyau haka a waje rana na cin launinsa, ya sa aka ɗaure ta a bango da kusoshi. Wani ya ruga neman sukundireba, ka ji aikin gaggawa.

Mutumin Kumasi ne ya fizge jakar daga hannuna ya zazzage. Muka ƙulla ƙafar wando da ƙafar wando, ya wulwula ya jefa. Jifan farko bai kai ba. Na biyu ya sauka a kafaɗar Kawu, ya cafke da hannu biyu. Muka fara ja, yana matsowa, har na fara cewa alhamdu lillahi. Sai muka ji ƙyat, muka zube ta baya. Hantsar ta yage, daidai inda Lawban ya faɗa, ko kuskuren ɗan yatsa babu. Kawu ya koma ƙasa rungume da ƙafar wando ɗaya, yadi marar kauri, ɗinki layi ɗaya, zare mai araha, duk yadda ya yi oda.

Wannan karon ya daɗe bai taso ba. Na ji kaina ina kiran "Kawu, Kawu" da wata murya da ban san ina da ita ba. Da ya ɓullo, fuskarsa kawai ta fito, ba ya ko dukan ruwan, idonsa a kanmu.

Ban san lokacin da Lawban ya tuɓe ba. Na dai gan shi daga shi sai ɗan kamfai, yana surfa wani abu da yarensu wanda mutumin Kumasi har yau ya ƙi fassara mini. Wandon jikinsa ya cire, na masana'antarsa, irin samfurin da Kawu ya raina. Jan farko ya riga ya matso da Kawu kusa, don haka mutumin Kumasi ya kwanta rub da ciki a bakin katako, ya zura rabin jikinsa, ni da Lawban muka danne ƙafafunsa. Ya wurga wandon, ya faɗa a hannun Kawu, Allah ya ba shi ikon damƙewa. Muka ja mutum mai nauyin buhu biyu da rigar da ta sha ruwa, wandon nan ko ƙara bai yi ba. Da ya zo gab, ma'aikatan suka kama wuyan rigar, aka mirgino shi kan katako kamar an fito da kifi.

Ba ya magana, leɓɓansa sun canza launi. Lawban ya juya shi ya dinga dannawa har ruwa ya fara fita ta baki da hanci, ya yi wani tari mai ban tausayi. Ni kuwa na zauna a wurin na yi kuka, da gemuna da komai, ban ji kunyar kowa ba.

Muna cicciɓar sa zuwa mota sai ga mai gidan abincin da gudu, yana haki, rungume da tayar ceto. An samo sukundireba. Agogon ma na nan a tsakiyarta yana aiki abinsa. Mutumin Kumasi ya dube shi, ya dubi tayar, ya ce da Hausa, "Sannu da ƙoƙari, maigida. Da ya mutu, aƙalla da mun san ƙarfe nawa ne."

Kawu ya yi kwanaki a asibiti, ruwa ya taɓa masa huhu, kuma tarin nan bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Kada ku tambaye ni ko ya gyara odar wandon. Kawu ne fa. Cewa ya yi ai ba don jan mutum daga ruwa ake ɗinka wando ba, kuma abin haushin, a nan kam gaskiyarsa ce.

Amma akwai wata safiya da na kawo masa shayi na same shi yana kallon silin. Na zaci faɗa zai yi mini a kan sukari. Sai ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ina ganinku fa, yaron nan. Da na taso na ƙarshen nan, ina ganinku sarai. Duk kun miƙo hannu, kuma babu komai a hannun kowa." Na ajiye masa shayin. Ban taɓa jin Kawu ya faɗi abin da bai san maganinsa ba sai ran nan.

Shekaru sun wuce, kuma na daina yi wa mai gidan kifin nan dariya, don shi ko ba komai ya sayi tayar. Ku je madatsun ruwanmu ranar hutu ku gani, yara da manya a bakin ruwa, ana hawa kwalekwale ana ɗaukar hoto, babu taya, babu igiya, babu ko doguwar gora a jingine. In wani ya nutse sai a taru a yi ta ihu, a kira masunta su zo su lalubo gawa, a ce kwana ya ƙare, manya su zo ta'aziyya da jerin motoci. Kwana na ƙarewa, ban musa ba. Amma na ga mutumin da nasa bai ƙare ba, saura ƙiris mu ƙarar masa da shi saboda ƙugiya ba ta da kaya.

Abin da na koya shi ne, son da kake yi wa mutum ba ya fito da shi daga ruwa, sai abin da ka jefa masa. Duk inda aka kafa gada ko matsayar jirgi aka ce jama'a su zo, a wajabta ajiye taya da igiya a inda hannu zai kai, ba a ofis ba, ba a bango ba, kuma a riƙa zuwa ana dubawa, wanda ya cire a hukunta shi. Kada a bar wa mai wuri ya ga dama. Ni dai tun daga ranar, duk bakin ruwan da na je, kafin in kalli ruwan sai na fara neman abin da zan jefa. Sau da yawa ba na samu, sai in kama hannun jikokina mu koma mota.