Darasin Tama a Maƙerar Kaka

Jiya na tarar da ƙanwata Hauwa tana hawaye a kan littafin tarihi. Bara ta faɗi jarrabawar gama sakandare, bana kuma darasin yadda ake narka tama a fitar da ƙarfe a zamanin da can ya ƙi zama a kanta. Ni a firamare na tsaya, sai dai lallashi.

Kakanmu, tsohon maƙeri a nan Roni, ya ce mata cikin wasan jika, "Amarya, karanto in ji."

Ta karanto. Ya yi dariya. "Mai littafin nan bai taɓa riƙe zugazugi ba. Tashi mu je maƙera."

Da la'asar ta dawo hannu duk gawayi, tana zubo darasin da ka.

Tun tasowata nake kai masa abinci, ban taɓa tambayarsa komai ba. Ku fa, kuna tambayar naku tsofaffin?