Mai Shagon da Ta Zauna a Prato

Zuwana na farko Guangzhou sarin dogayen riguna, a unguwar Dengfeng na sauka, ɗaki ɗaya da wata Hajiya 'yar Maraɗi wadda ta riga ni sanin kasuwar. Ita ta kai ni wani shago a Guangyuan, wurin wata dattijuwa 'yar China da kowa ke kira laoban, wato mai shago.

Ina jin su suka ɓarke da hira, ba da Turanci ba. Hajiya na Faransanci, matar na amsawa da wani yare mai kama da shi.

"Italiyanci ne," in ji Hajiya. "Ta daɗe tana ɗinki a Italiya. Rabi nake ji, rabi mu cike da hannu."

Tun daga nan, duk ranar da muka gama zaɓen kaya sai laoban ta zuba mana shayi, ta ɗauko labarin Italiya, Hajiya na mayar mini da Hausa. Prato ne sunan garin da ta zauna, kuma sunan lardin ke nan, don a can kusan kowane lardi sunan babban garinsa yake ɗauka.

"Kamar Katsina da Kano," na ce.

Ranar hutu, in ji laoban, sai ta hau jirgin ƙasa ita kaɗai. Ya ratsa Pistoia, inda ake noman itatuwan ado, gona bayan gona. Ya kai ta Lucca, garin da ganuwarsa ke tsaye cif, da faɗin da har bishiyoyi aka shuka a kai, tsofaffi na yawo, yara na tseren keke. Da na ji haka sai na tuna badala, ganuwar garinmu, muna yara, na lalubo hoto a waya na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya ko da ƙasa aka gina. Na ce da ƙasa, ta jinjina kai.

Labarin da ya fi ba ta dariya shi ne na Carrara. Ta hango duwatsu fari fat a tsakiyar zafi, ta bugo wa mahaifiyarta waya cewa ƙanƙarar Italiya ba ta narkewa. Ashe farin dutse ne da ake fasawa a yi daɓe da shi.

Na tambaye ta hasumiyar Pisa mai karkata. Ta taɓe baki.

"Ta ce ta gani sau ɗaya," in ji Hajiya, "mutane sun fi hasumiyar yawa."

Wata shekara muka tarar laoban ba ta nan, ta tafi Prato ganin 'yarta da ta haihu. Na ɗauka shi ke nan, jika ta riƙe ta. Amma kafin kayanmu su shiga kwantena sai ga ta ta dawo, ta yi ƙiba, da kwalbar man zaitun na Lucca ta kawo mana tsaraba.

Ranar muka dafa shinkafa da wake a ɗaki, muka zuba man zaitun ɗin da yaji. Hajiya ta ɗanɗana, ta ce, "Ƙanwata, gaskiya man gyaɗa ya fi." Ta faɗa tana miƙo mini kwanonta in ƙara mata.