Ajin da Ba Shi da Rufi

Ko zan manta da komai na zamana a Rigasa, ba na jin zan manta da daminar da ginin makarantar matan unguwarmu ya tsaya cak a linta, daidai saman ƙofa da taga.

Makarantar ɗaki ɗaya ce tal a bayan masallaci, inda matan aure da tsofaffi ke koyon karatu bayan la'asar. Da ɗakin ya yi musu kaɗan, dattawan unguwa suka ce a ƙara biyu. Ni aka ɗora wa kula da aikin, wai don ma'aikacin gwamnati ne ni, na san tsari. Ni ma a lokacin haka na ɗauka. Na tsaya gaban jama'a na ce kafin ruwan farko za a shiga. Matan da ba su sami wurin zama ba kuwa, na ce su haƙura su zauna gida, in an gama za a kira su.

Aiki ya tafi lafiya har bango ya kai linta. Wata safiya birkilanmu, wani dattijo Bakatsine da bai cika magana ba, ya ja ni ɗakin gabas ya nuna mini wata tsaga siririya kamar zare.

"Alhaji, akwai tsohuwar rijiya a ƙarƙashin nan, da shara aka cike ta. Sai an rushe wannan ɗakin."

"Baba, a shafe da siminti mana. Wa zai gani?"

"Matan mutane ne za su zauna ciki," ya ce, ya ɗauki gudumarsa.

Har yau in na tuna abin da ya fito daga bakina, sai kunya ta kama ni. Aka rushe, aka tone rijiyar. Ana cikin haka ruwa ya sauko da wuri, ya cika ramin, ya kwashe mana yashi. Layinmu ya zama taɓo, motar bulo ta kasa shigowa. Sai kuma zazzaɓi ya kwantar da birkila, 'ya'yansa suka tafi da shi gida Katsina. Mutane suka fara kiran wurin kangon Alhaji. Na sauya hanyar zuwa masallaci don kada in bi ta gabansa.

Wata la'asar, bayan an ɗauke ruwa, ƙafata ta kai ni wurin ba tare da na shirya ba. Komai ya yi shar. Kabewa ta naɗe rodin da ke tsaye, har ta yi fure. Ruwan ramin ya kwanta lumui, gizagizai na tafiya a cikinsa a hankali, ka ce wata sama ce aka ajiye a ƙasa. Ina tsaye sai na ji muryoyi na tashi daga ɗakin yamma, wanda birkila ya ce lafiyarsa lau.

Na leƙa ta inda za a sa taga. Matan da na sallama ne, zaune a kan bulo, malama ta rubuta haruffa da gawayi a jikin bango. Babu komai a samansu sai tsuntsaye da ke shawagi, da hasken yamma da ya sauka a kan mayafansu. A gaba akwai wata tsohuwa 'yar Zamfara mai sayar da ƙosai a bakin titi.

"Iya, ai ba a gama ba," na ce.

"Ɗan nan, kai ke da lokacin jiran kwanon rufi, ni ba ni da shi. In hadari ya taso mu tashi, in ya wuce mu dawo. Zo ka gani."

Ta miƙo mini littafinta, gefensa ya jiƙe. Sunanta ne ta rubuta, haruffan sun karkace kamar za su faɗi, amma sun karantu. Shi ne na farko a rayuwarta. Na koma waje na zauna a kan bulo, ina jin suna maimaita karatu, ban motsa ba sai da aka kira magariba.

Daga ranar na daina ɓuya. Na bi gida gida na faɗa wa mazajen abin da na gani. Asabar na zagayowa suka fito da shebur da bokiti, muka kwashe ruwan ramin, muka zuba ɓaraguzai a layi har mota ta iya shigowa. Birkila ya dawo a rame, ya cike rijiyar yadda ransa ke so, ba wanda ya ce masa ya yi sauri. Sai da kaka ta wuce kafinta ya buga kwano.

Ranar da aka buɗe, tsohuwar ta shiga, ta ɗaga kai ta dubi silin. "Ya yi kyau," ta ce. "Amma kun rufe mana sama." Kowa ya yi dariya, ita ma ta yi, ta nemi wurinta a gaba.

Abin da na koya shi ne, in aiki ya tsaya, mutum ya fara tambayar kansa don wa ake yin sa. Wata da watanni ina baƙin cikin bango, alhali waɗanda ake ginawa dominsu ba bango suke jira ba, ni ne na ce su jira.