Takardar da na manna a ƙofar Kawu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai wanki da guga ne. Shekara ashirin da biyu yana ƙaramin shago ɗaya: tebur da tsohon bargo a kai, dutsen guga na gawayi, igiya uku cike da kayan mutane. Komai zafi ba ya naɗe hannun rigarsa. Mu 'yan gida kaɗai muka san dalili. Daga gwiwar hannunsa zuwa wuyan hannu fatar ta yi kauri, tana zubar da farin ɓawo kamar dusa, idan ruwan sabulu ya ci ta kuma ta tsage ta yi jini. Haka gadon bayansa, haka cikin gashinsa.

Yana da dabarunsa. Baƙaƙen kaya sai ƙarshe yake taɓa su, bayan ya shafa mai ya ɗaure bakin hannun riga da roba, kuma kowane wando sai ya bi shi da buroshi sau biyu. Idan ƙaiƙayi ya taso a gaban mai kaya, sai ya jingina da ƙofa yana goga baya a hankali, kamar hirar ce ta yi masa daɗi.

Da na gama jami'a na dawo gida ba aikin yi, na matsa masa muka je asibiti. Likita ta ce sunan ciwon soriyasis, yana lafawa yana tashi, da wuya a rabu da shi, amma wani ba ya ɗauka.

"Mai digiri, wato da abina zan mutu ke nan," in ji Kawu a hanya.

"Amma ba ya yaɗuwa, Kawu. Ai wannan ne babban labari."

"A wurinka."

Bayan sati guda ina shagon, wani direba da ya daɗe yana kawo masa wanki ya ga fari-fari a wuyan rigarsa.

"Mai guga, gishiri ka fara barbaɗa mana?"

"Sitaci ne ya bushe, yallaɓai. Kyauta na ƙara maka."

Suka yi dariya. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Me zai sa mutum ya yi ta ƙarya a kan abin da ba laifinsa ba? Na je aka buga mini takarda. Layin sama da manyan baƙaƙe: MAI WANNAN SHAGO YANA DA CIWON FATA. A ƙasa, da ƙanana don su shiga layi ɗaya: amma likita ta tabbatar ba ya yaɗuwa. Na manna a ƙofa sa'ad da ya fita sayen gawayi. Kawu bai yi boko ba. Da ya tambaya, na ce talla ce.

Kwana uku tana nan kafin telan da ke maƙwabtaka da shi ya karanta masa. A kwana ukun nan mutane sun riga sun zo sun kwashe kayansu, wasu ko wanke su ba a yi ba. Wata mata da yatsa biyu ta ɗauki rigunan mijinta ta jefa a leda. Kafin maganar ta kai ƙarshen layi ta zama kuturta.

Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Har yanzu idan na bi ta ƙofar ina ganin tabon gam ɗin nan guda huɗu.

Jiya na kai masa riguna biyu da ba su yi datti ba. Na same shi ya hura gawayi kamar kullum, igiyoyi babu komai sai wandon tela. Ya naɗe hannun riga har kafaɗa.

"Ka ga amfanin boko," ya ce, bai dube ni ba. "Yau dai iska ta taɓa hannuna."

Ya karɓi rigunan, ya shinshina, ya gane. Duk da haka ya tsoma su a ruwa.