Marin da na sha saboda guntuwar fata

Jiya warin esansi ya buge ni a tashar Tasawa, sai na tuna da Kawu, Allah ya jiƙansa. Makanike ne, ba ya ɗora wa kowa laifi sai ya buɗe inji ya gani da idonsa.

A shekarar fari, zamanin mulkin soja, an ba ni tsohuwar mota in kai dawar agaji Kanan-Bakashe. Duk sanda na taka totur sai ta shaƙe ta mutu. Sojan da ke rakiyar hatsin ya ce na sayar da esansi na zuba ruwa, ya kwaɗa mini mari a gaban jama'a. Ni da ƴaƴana ke kwana da yunwa, ni ne ɓarawo!

Muka lallaɓa da motar gareji, aka kira Kawu. Ya buɗe karbureta, ya leƙa, ya ja wayar totur sau uku. Famfon da ke tsarta esansi bai fitar da ko ɗigo ba. Ya zaro fatar cikinsa, ta bushe ta tsage, ya miƙa wa sojan a tafin hannu.

"Ga ɓarawonka, samari," in ji Kawu. "Mare shi."

Kawu ya yanki fatar takalminsa, ya jiƙa ta da mai, ya saka a famfon. Mota ta tashi. Sojan ya shiga ya zauna kusa da ni, ko sannu bai ce ba.

Har yau kunnena na hagu ba ya ji. Allah ya haskaka kabarinka, Kawu. Shi kuwa sojan, ban yafe ba, sai mun tsaya gaban Allah.